Kunun da ke tsayawa a cokali: yadda ake haɗa garin kunun yara a gida

Ɗana na fari yana da wata takwas ranar da ma'aikaciyar awo ta ɗora shi a sikeli, ta duba katinsa, sannan ta ɗago kai ta ce, "Maman yaro, me kike ba shi?" Na ce koko, safe da rana da yamma, kuma tas yake shanyewa. Ta tambayi kaurinsa. Na ce irin wanda ke bi ta bakin fida ba ya toshewa. Sai ta ce, "Ai ruwa kike ba shi, baiwar Allah." Maganar ta yi mini zafi a ranar, amma gaskiya ta faɗa. Cikin yaron yana cika, jikinsa kuwa ba ya samun abin kirki.

Cikin yaro ɗan wata takwas bai fi kofin shayi ɗaya ba, wajen mililita 200. Idan kika cika shi da tsinkakken koko, gasarar da ke ciki ba ta wuce cokali ɗaya ko biyu ba, saura ruwa ne tsululu. Gasarar kuma an tace ta, an zubar da dusa, sitaci kawai ya rage. Yaro zai ƙoshi, ya yi gyatsa, ya yi barci, uwa ta samu natsuwa, amma nauyinsa ya tsaya cik. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57. Mu ne kuma masu noma gero da dawa da gyaɗa da wake. Talauci yana da nasa kason, ba a musu, amma a gidaje da yawa hatsin yana nan a rumbu, yadda ake haɗa shi ne bai dace da ƙaramin ciki ba.

Garin da zan kwatanta shi ne wanda a asibiti ake kira Tom Brown. Na yaron da ya cika wata shida ne zuwa sama. Kafin wata shida nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata ko da a tsakiyar bazara ne, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Bayan an fara kunu ma ba a daina shayarwa, ana ci gaba har shekara biyu kamar yadda Alkur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, kuma a kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya take.

Awo da sayayya

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne shida, uku, ɗaya: hatsi awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya. Da me za ki auna? Duk abin da ke hannunki, muddin shi ɗin za ki yi amfani da shi ga duka ukun. Ga yaro ɗaya gwangwanin madara ya isa: gero gwangwani shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Wannan zai kai ki mako biyu zuwa uku. Kada ki yi da tiya don kawai kin samu kuɗi a hannu, saboda garin da ke da gyaɗa da waken suya yana da mai, idan ya daɗe sai ya yi warin tsohon mai, yaro ya ƙi shi.

Dalilin haɗin shi ne kowane ɗaya yana cike giɓin ɗan'uwansa. Hatsi yana ba da ƙarfi, amma sinadarin gina jikin da ke cikinsa bai cika ba. Abin da ya rasa yana cikin wake, abin da wake ya gaza a kai kuma yana cikin hatsi. Iyayenmu da ke haɗa shinkafa da wake ko su ci tuwo da miyar daddawa sun daɗe a kan wannan hanya. Gyaɗa kuma mai take kawowa, da ƙamshin da ke sa yaro buɗe baki.

Ni na fi son gero, domin ya fi masara da farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Idan dawa ce, ki ɗauki fara, ta fi ja sauƙi ga cikin yaro. Kina iya raba shidan, gero uku, dawa ko masara uku. Da kaka kaya suka fi araha da kyau, daga Oktoba zuwa Disamba. Wadda ke kusa da babbar kasuwar hatsi irin Dawanau a Kano za ta iya haɗa kuɗi da maƙwabta su sayi ɗanyen kaya da yawa su adana, su riƙa sarrafawa kaɗan-kaɗan. Ki shinshina kafin ki biya. Hatsin da ke warin magani ko warin ruma ki bar shi. Wanda kuma aka shafa wa launi ja ko kore irin shuka ne, an yi masa magani, ba na ci ba ne ko an wanke.

Tsintar gyaɗa

A nan nake so ki fi ɓata lokaci, duk da gyaɗar ita ce mafi ƙanƙanta a awon. Gyaɗa da masara idan suka sha danshi a gona ko a ajiya, wata ruma takan kama su ta bar guba mai suna afulatoksin. Gubar tana cutar da hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Abin tsoron shi ne suya da tafasa ba sa kashe ta. Maganinta ɗaya ne a gida, wato ido da hannu.

Ki baza gyaɗar a faifai ko tire a wuri mai haske, ki bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yamutse, wadda ta yi baƙi ko kore-kore, wadda ƙwaro ya huda, wadda ta fashe tun a buhu, wadda ta fara tsiro, duk ki cire. Kada ki ji tausayin kuɗinki. Kada kuma ki ce za a yi ƙuli-ƙuli da su ko a watsa wa kaji, a zubar kawai. Bayan kin soya kin murje jan ɓawon, ki sake dubawa, domin wata sai an tuɓe ta ake ganin tabon. Masara ma haka za ki yi mata.

Aiki ne da yara 'yan shekara shida zuwa sama suke so a sa su a ciki, kuma idonsu ya fi namu. Sai dai ki nesanta ƙananan da tiren. Ƙwayar gyaɗa, aya da ƙwallon dabino suna shaƙe yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, kuma cikin ƙiftawar ido abin ke faruwa.

Waken suya

Mata da yawa sun gwada garin nan sun bari saboda waken suya: ko ya yi ƙarni, ko ya kumbura wa yaro ciki. Duka biyun daga sarrafawa ne. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, kuma zafi ne kaɗai ke karya shi. Ƙarnin kuma yakan tashi ne idan fasasshen ɗanyen wake ya haɗu da ruwan sanyi.

Ga yadda nake yi. Ki tsince duwatsu da ruɓaɓɓu tun yana bushe. Ki ɗora ruwa mai yawa, sai ya tafasa sosai sannan ki zuba waken, kaɗan-kaɗan don kada tafasar ta mutu. Ki bar shi minti ashirin da biyar zuwa talatin. Ki sauke, ki tsiyaye ruwan, ki zuba na sanyi, ki murza da tafin hannu biyu. Ɓawon zai saki ya taso sama, sai ki riƙa tsiyayewa kina ƙara ruwa har mafi yawansa ya fita. Ki tsane a kwando, ki baza a tabarma mai tsabta ko babban tire a rana, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. A lokacin hunturu yini ɗaya zuwa biyu ya isa, da damina yakan fi haka. Ki ciji ƙwaya ɗaya, idan ta fashe ƙas to ya bushe, idan ta lotsa da saura.

Gero kuma ki rege shi ki fitar da tsakuwa, ki wanke har ruwan ya washe. Kada ki surfa shi fes kamar na fura, domin a dusar nan ne alheri mai yawa yake. Idan kina da lokaci ki jiƙa shi na wasu awanni ki zubar da ruwan, hakan yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfen. Sai ki tsane ki shanya shi ma ya bushe sarai.

Suya, niƙa, ajiya

Kowanne daban ake soyawa, domin ba lokaci ɗaya suke yi ba. Babu mai, babu ruwa, busasshen kasko ko tukunya mai kauri, wuta matsakaiciya, hannu kuma ba ya barin juyawa. Gero minti kaɗan ne, da ya fara ƙamshi yana ɗan tsalle sai ki sauke. Waken suya ya fi jan lokaci, ki bi shi a hankali har ya yi ruwan ƙasa mai haske ciki da waje. Ki fasa ɗaya ki gani. Gyaɗa kamar yadda kika saba, sai dai ba da yashi ko gishiri ba. Duk abin da ya ƙone ki cire, ƙwaya goma ƙonannu sun isa su sa gari duka ya yi ɗaci.

Idan sun huce sai ki haɗe su wuri ɗaya ki cakuɗa kafin a kai inji. Gyaɗa ita kaɗai idan ta shiga inji tunkuza take zama, amma a cikin hatsi gari take fita. Ki je da kanki ko ki aiki mai hankali. Injin unguwa yana niƙa barkono da kayan yaji, don haka ki tafi da ɗan gero daban a fara zuba shi ya wanke injin, ki karɓi wannan garin ki yi wa manya amfani da shi. A niƙa sau biyu ya yi laushi. Garin zai fito da zafi, kada ki rufe shi a haka, zai yi gumi ya lalace. Ki baza a tire ya sha iska, ki tankaɗe da rariya mai laushi, tsakin a sake dakawa.

Ki zuba a busasshen bokiti ko kwalba mai murfi da ke kamawa sosai, ki ajiye nesa da murhu da rana, ki ware masa busasshen cokali nasa. Ranar da kika buɗe kika ji wari ya sauya, ko kika ga ya dunƙule, ko ƙwari sun shiga, ya tashi daga na yaro.

Damu

Cokalin cin abinci uku a cike da gari, ruwa kofi ɗaya. Ki ɗebi kaɗan daga ruwan, mai sanyi, ki dama garin har gudaji su mutu. Sauran ki ɗora a wuta, idan ya tafasa ki zuba damammen garin kina juyawa. Ki rage wuta ki ci gaba da juyawa wajen minti goma. Wannan ba koko ba ne da ake sheƙa wa tafasasshen ruwa a rufe, dafa shi ake yi.

Sai gwajin cokali, wanda shi ne zuciyar maganar duka. Ki ɗebo kunun, ki karkata cokalin. Idan ya zubo sharr kamar shayi, bai yi ba. Idan ya tsaya, sannan ya sauko a hankali ɗis, ɗis, to ya yi. Kunun da zai wuce ta bakin fida ba abinci ba ne. Fidar ma ki ajiye ta, wankinta yana da wuya, a lungunanta ƙwayoyin gudawa ke ɓuya. Kofi da cokali sun fi.

Na san abin da za a ce miki, domin an ce mini: zai shaƙe, zai ɗaure masa ciki, jariri ina shi ina kunu mai kauri. Mai faɗa ba mugunta take yi ba, yawanci kakar yaron ce, kuma ta fi ki son sa a ganinta. Kada ki yi gardama. Ki ce, "Inna, a wurin awo aka ce a gwada haka na wata ɗaya a ga nauyinsa." Ki ba ta cokalin ta ba shi da hannunta. Kakar da ta ga jikanta yana lasar baki, gobe ita za ta tuna miki lokacin damu ya yi.

Dabarar tsiro

Akwai yaran da da gaske kauri ke ba su wahala, musamman a makonnin farko ko bayan rashin lafiya. Maimakon ƙara ruwa, ga dabarar da masu kunun zaki suka daɗe da sani. Hatsin da ya tsiro yana ɗauke da wani sinadari mai narkar da sitaci. Ɗan kaɗan daga garinsa yana sa kunu mai kauri ya saki ya yi laushi alhali ba a ƙara masa ko ɗigon ruwa ba. Yaro zai sha cikin sauƙi, kuma abincin cokali ukun nan yana nan bai ragu ba.

Ki wanke gero gwangwani ɗaya, ki jiƙa ya kwana. Da safe ki tsane, ki baza a kan jiƙaƙƙen yadi mai tsabta, ki rufe da wani, ki ajiye a inuwa. Safe da yamma ki yayyafa ruwa. Cikin kwana biyu za ki ga farin tsiro ya fito. Ki shanya a rana ya bushe ƙayau, ki murje saiwoyin da tsiron, ki fece su, ki daka ƙwayar ki tankaɗe. Wannan ba a soya shi, suya tana kashe amfaninsa. Idan ya yi ruma ko yauƙi yayin tsiro, ki zubar ki sake. Ki yi da gero, ki bar dawa, domin ɗanyen tsiron dawa yana da guba, shi ya sa makiyaya ke hana dabbobi cin ƙaramar dawa.

Yadda ake amfani da shi: ki dama kunun da kauri sosai kamar talge. Ki sauke, ki bari tururin farko ya wuce, yana da zafi amma ba yana tafasa ba. Ki barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro, ki juya, ki rufe minti biyar zuwa goma. Za ki buɗe ki tarar ya saki, har ya ɗan yi zaƙi. Sai ki mayar wuta ya sake tafasa kafin ki ba yaro, tun da garin tsiron ɗanye ne.

Abin da ake ƙarawa

Garin shi ne tushe, amma bai ƙunshi komai da komai ba. Kowane damu ki ƙara abu ɗaya ko biyu daga abin da gidan ke da shi a ranar.

Ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa yana ƙara ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba, manja kuma yana da bitamin A mai kare ido da garkuwar jiki. Haka dafaffiyar kabewa, karas, gwanda, mangwaro da dankalin Hausa mai ruwan lemo a ciki, a murƙushe a zuba. Zogale ki shanya shi a inuwa, ba a rana ba, ki daka ki tankaɗe, ki zuba ƙaramin cokali gab da saukewa.

Abin da ya fito daga dabba shi ne aka fi hana yara, kuma shi suka fi bukata. Ƙwai ɗaya, a fasa a kaɗa a cikin kunu yana kan wuta har ya dahu sosai. Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata ko ya makara wajen magana ba ta da tushe, ta dai hana yara da yawa abinci mai amfani a gidan da kaji ke yawo a tsakar gida. Busasshen kifi a cire ƙaya, a ɗan gasa, a daka, a tankaɗe, a ajiye a kwalba daban ana zuba cokali ɗaya. Hanta, ko yanki kamar babban yatsa, sau ɗaya a mako, a dafa a murje. Kindirmo mai tsabta ma yana shiga. Madarar shanu ɗanya sai an tafasa.

Bayan cin abinci ki ba shi ɗan lemo, gwaiba da aka cire wa 'ya'ya, ko ruwan garin 'ya'yan kuka. Tsaminsu yana taimaka wa jiki ya tsotse sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa akasin haka yake yi, ba abin ƙaramin yaro ba ne.

Sabon abu, musamman gyaɗa, ƙwai da kifi, ki fara da kaɗan da rana, ki sa ido. Idan jiki ya yi borin jini, leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya sauya, ki daina ki nufi asibiti nan take.

Abubuwa uku kuma ki kiyaye. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba, duk da albarkar da ke cikinta, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, har ta shanye masa jiki. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ba sa shiga kunun ɗan ƙasa da shekara. Sukari kuma idan kin fara shi, kin ɗaure kanki, ba zai ƙara karɓar kunu babu shi ba. Ayaba ko ɗan jiƙaƙƙen dabino da aka murje sun isa.

Sau nawa, kuma yaya

Daga wata shida zuwa takwas, sau biyu zuwa uku a yini. A fara da cokali biyu ko uku, ana ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata tara zuwa goma sha ɗaya, sau uku zuwa huɗu, rabin kofi kowane ci, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko dafaffen dankali. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, sau uku zuwa huɗu, daga kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa cikakken kofi. Ki dama daidai wanda zai ci. Kunun da ya yi awa biyu a ajiye a zafin garinmu ba na yaro ba ne kuma, ki sha abinki. Hannunki da nasa a wanke da sabulu kafin a fara.

Sai maganar ɗura. Yawancinmu da ita aka rene mu: a kwantar da yaro a cinya, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, a toshe hanci, yana kuka yana haɗiya. Ina roƙonki da girman Allah ki bar ta. Yaron da ke kuka hanyar numfashinsa a buɗe take, kunun yana iya faɗawa huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari, wani ma a nan take ake rasa shi. Wanda ya tsira kuma yakan tsani abinci, da ya ga kofi sai ya fara ihu. Ki zaunar da shi a cinyarki, bayansa a miƙe, fuskarsa tana kallon taki. Ki yi masa magana, ki yi masa 'yar waƙa, ki jira ya haɗiye kafin cokali na gaba. Idan ya kau da kai ki dakata, ki sake gwadawa bayan ɗan lokaci. Sabon ɗanɗano wani yaron sai an kawo masa sau takwas ko goma kafin ya karɓa, ƙin ranar farko ba ƙi ba ne.

Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai. Ɗan shekara ɗaya da aka haɗa da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun sauke, ke kuma ba za ki san nawa ya ci ba.

Daga wata tara ya kamata ya fara shiga tukunyar gida. Ki ɗebi nasa kafin a zuba yaji da dunƙule: faten wake da alayyahu, faten dankali da manja, alala, tuwo mai laushi da miyar kuka ko taushe, amma da kifin ko naman a murje a ciki, ba romo kaɗai ba. Ki rage kanwa a girkin da yara za su ci, tana lalata wasu bitamin. Ki bar shi ya sa hannu ya ɓata jiki, haka ake koyo. Tsohuwar atamfa idan kika yanka ta kamar faɗin tafin hannu biyu, kika ninka biyu, kika kewaye da ɗinki, kika sa igiya ta ɗaurawa a wuya, ta zama abin tare ƙirji. Guda uku sun ishe ki, kin huta da wankin riguna. A cire da an gama ci, kada ya yi barci da ita.

Ke kanki

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin abinci, kuma wannan garin ya dace da ke ma, ki dama kofi biyu ki sha ɗaya. Ki gaya wa maigida a fili abin da ake bukata a mako: ƙwai kaza, kifi na kaza. Maza da yawa ba ƙi suke yi ba, ba a taɓa lissafa musu ba ne.

Bayanki ma yana da haƙƙi. Goyo, wanki a sunkuye da ɗaukar bokiti su ke kawo ciwon bayan da muke ɗauka kamar dole ne. Idan za ki ɗaga yaro ko kaya, ki durƙusa da gwiwa, bayan a miƙe. Tsintar gyaɗa da tankaɗe ki yi su a zaune a kujera 'yar tsugunno, tiren a kan cinya. Ki samu tafiyar minti ashirin zuwa talatin da sanyin safiya ko bayan la'asar, ko zagayen tsakar gida ne. Idan fitsari yana ɗan zubo miki yayin tari ko dariya tun bayan haihuwa, ki riƙa matse tsokar ƙasa kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma, sau uku a yini. Kina juya kunu ma kina iya yi. Wadda aka yi wa aiki ta jira izinin likita kafin ta fara wani motsa jiki mai nauyi.

Lokacin da kunu bai isa ba

Yaro marar lafiya ba a daina ba shi abinci. Ana ƙara shayarwa, ana ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, idan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a yini har mako biyu ya mayar da abin da ya zube. Idan gudawa ce, ruwan gishiri da sukari na leda, a haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, tare da ƙwayar zink kwana goma zuwa goma sha huɗu. Ɗigon bitamin A ana ba yara kyauta duk wata shida daga wata shida zuwa shekara biyar, maganin tsutsar ciki kuma daga shekara ɗaya. Kada a wuce ki da su.

Garin nan na rigakafi ne da farfaɗo da yaron da ya ɗan rame, ba maganin tamowa mai tsanani ba ne. A wurin awo akwai wani zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi daga wata shida zuwa shekara biyar. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka idan ƙafafunsa biyu suka kumbura, kika danna da yatsa na daƙiƙa uku wurin ya lotsa bai taso ba. Wannan kumburin ba ƙiba ba ce. Yaron da ke cikin wannan hali, ko wanda ya ƙi nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya kuzari, asibiti za a kai shi a ranar. A can ake ba da abincin tamowa na leda, kuma na wanda aka rubuta wa ne shi kaɗai, ba a raba shi da 'yan'uwansa.

Duk wata ki je awo da katinsa, ki ce wa ma'aikaciyar ta nuna miki layin nauyinsa da yatsa. Idan yana hawa, ki ci gaba da abin da kike yi. Idan ya miƙe ko ya sauka wata biyu a jere, ki zauna da ita ki faɗa mata duk abin da yake ci, sau nawa, da irin kaurinsa, kada ki jira wata na uku.